Ƙaramin haɗarin babur a hanyar aiki: abin da za ka yi daki-daki

Ana yawan tambayata wannan batu, musamman masu sammako a kan Boxer ko Jincheng ko roba-roba. Adaidaita sahu ya ci birki ba sigina ka daki bayansa, ko yashi ya kwashe tayar gaba a kwana, ko akuya ta gitta, ka sha ƙasa amma ka tashi da ƙafarka. To daga nan sai me? Abin da aka saba gani shi ne mutum ya ruga ya ɗaga mashin bai duba kansa ba, ya ce "na yafe" jiki na ɗumi, washegari ya kasa ɗaga hannu, wanda ya buge shi kuwa ko lambar wayarsa bai karɓa ba. Tsarin da ya kamata a bi shi ne jiki tukuna, sannan shaida, sannan magana, babur ya zo a ƙarshe.

Wannan jagora ta haɗarin da kowa ya tashi yana magana ce. Idan wani ya suma, ko jini na tsartuwa, ko ƙashi ya fito, ko yana kukan wuya da baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, magana ta wuce nan. A Najeriya a kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ko 112. A Nijar 18 ce lambar 'yan kwana-kwana, 17 ta 'yan sanda. Kar a ciccibe shi hannu da ƙafa, kar a cire masa hular kwano muddin yana numfashi, kar a ɗura masa ruwa.

1. Fita daga bakin mota

Da ka tsaya da gangarawa, waiga bayanka. Motar da ke biye da kai ta fi faɗuwar da ka yi haɗari. In babu abin da ke tahowa, ɗan dakata ka motsa yatsun hannu da na ƙafa, ka ja numfashi mai zurfi, sannan ka tashi a hankali ka koma gefen titi. In ka ɗauko wani, shi za ka fara fitarwa, musamman yaro ko mace mai goyo. Sa wani daga cikin masu kawo ɗauki ya tsaya nesa kaɗan yana ɗaga wa motoci hannu, ko a jefa ganye a titi kamar yadda direbobi suka saba. Da asuba ko lokacin hazo wannan ba abin wasa ba ne.

Gargaɗi: kar ka koma tsakiyar titi tsintar takalmi ko hula. Kuma ka lalubi wayarka da makullinka tun yanzu, domin ba duk mai cewa "sannu, Allah ya tsare" ne ya zo taimako ba. A cikin irin wannan cincirindo waya ke yin ƙafa.

2. Duba jikinka, daga kai zuwa ƙafa

Zauna. Ko da kana jin ras, zauna na minti biyar. Firgici yana ɓoye ciwo, mutum na iya yin tafiya da karaya bai sani ba sai jiki ya huce.

Fara da kai. Ka bugu? Ka tuna yadda abin ya faru, ko akwai wani ɗan lokaci da ya ɓace maka? Juya hular kwanonka ka duba: in ta goge ko ta tsage, kanka ya daki ƙasa ko ba ka ji ba. Juya wuya dama da hagu a hankali, in ya yi zafi a tsakiyar ƙeya ka daina. Shafa ƙashin nan da ke tsakanin wuya da kafaɗa, yana cikin waɗanda suka fi karyewa a faɗuwar babur. Ɗaga hannuwa sama. Dunƙule hannu ka buɗe, sannan ka danna ɗan ramin da ke gindin babban yatsa. Duk wanda zai faɗi tafin hannu yake tokarawa, kuma akwai wani ƙaramin ƙashi a wurin da ke tsagewa a ɗauka targaɗe ne. Ja numfashi ka ji ko haƙarƙari na suka. Danna ciki. A ƙarshe miƙe ka taka: in ba za ka iya taku huɗu a kan ƙafar ba, sai an yi hoto.

Gargaɗi: in hannun babur ya caki cikinka, ko ka faɗi a kan haƙarƙarin hagu, kar ka raina shi don ba ka ga jini ba. Saifa na nan a wurin, tana iya zubar da jini a ciki. Jiri, gumi mai sanyi, ciwon ciki, ko ciwo a kan kafaɗar hagu alhali ba ita ta bugu ba, duk alamun a tafi asibiti ne nan take. Mace mai ciki kuwa asibiti za ta je ko ba ta ji komai ba.

3. Kashe inji, amma kar ka yi saurin ɗagawa

Murɗe makulli, rufe famfon mai. In fetur na ɗiga, a kori mai sigari. Kafin a ɗaga babur, in akwai wani abin hawa a cikin lamarin kuma tsayuwar ba ta da haɗari, ɗauki hoto yadda komai yake kwance. Daƙiƙa goma ta isa.

Babur irin Boxer ya haura kilo 100, don haka in akwai masu taimako bar su su ɗaga. In kai kaɗai ne, sa shi a giya don kar ya gangara, juya masa baya, durƙusa, kama hannun da ke ƙasa da hannu ɗaya, kariyar baya da ɗayan, ka tura da ƙafafu kana ja da baya. In ta dama ya faɗi, fara buɗe jakin gefe don kar ya kife ta ɗaya ɓarin. Yi hankali da salansa, tana ƙona ƙwauri cikin ƙiftawar ido.

4. Wanke ciwo

A nan ne ake yin ɓarna mafi yawa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Wani zai kawo man birki, wani fetur, wani baƙin mai, wani ya ce a barbaɗa ƙasa ko garin batir jini ya tsaya. Ka ce na gode, ka ƙi. Man birki da fetur suna kashe naman da zai warke, ƙasa kuwa ita ce gidan ƙwayar cutar tetanus.

Abin da kake bukata ruwa ne mai tsabta da yawa. Sayi fiya wata leda biyar ko shida, huda ƙaramin rami a kusurwa, ka matse da ƙarfi a kan gurjewar har yashi da tsakuwa su fita. Da zafi, amma duk ƙwayar yashin da ta zauna a ciki ita ce ruwan ƙurji na jibi, in ma ta warke ta bar baƙin tabo. In akwai sabulu, wanke gefen ciwon da shi. In jini na zuba, danne da tsumma mai tsabta minti goma ba ɗagawa kana leƙawa. Bayan nan a rufe da bandeji. Kar a manna auduga kai tsaye a kan ɗanyen ciwo, liƙewa take yi.

Ƙunar salansa ruwa take so, ruwan sanyi na yau da kullum yana zuba a kai kamar minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ban da ƙwai. In ta yi bororo kar a fasa.

5. Tara shaida kafin taro ya watse

Ɗauki hoton lambar ɗaya abin hawan, gaba da baya. In adaidaita sahu ne ko ɗan kabu-kabu, haɗa da lambar ƙungiya da ke jikin keken ko a rigarsa, da ita ake gano tashar mutum. Ɗauki wurin da ya lotse a naka da nasa, da jan birki a kwalta, da ramin ko yashin da ya jawo abin, da ciwon jikinka. Karɓi lambar wayarsa ka kira a gabansa ka ji ta yi ƙara. Tambaye shi abin hawan nasa ne ko na maigida, domin sau da yawa mai adaidaita balas yake kaiwa, kuɗin gyara ba daga aljihunsa zai fito ba sai an je ga mai shi.

Wajen shaidu, nemi mai zama a wurin: mai shayi, mai faci, mai cajin waya, maigadin wani shago. Masu wucewa sun fi kowa ɗaga murya, amma gobe ba za ka gan su ba.

6. Magana da sulhu

Fara da "sannu, ba ka ji ciwo ba?" ko da kana ganin shi ne da laifi. Wannan kalma ɗaya tana sauke rabin rigima. Kar ka zare masa makulli, kar ka ci kwalarsa, kar ka zagi iyaye. Da hannu ya taɓa jiki, maganar haɗari ta koma ta duka, mai gaskiya ya zama mai laifi.

Haka nan kar ka yi saurin ɗaukar laifi, kar kuma ka yi saurin yafewa. Yafiya abu ne mai lada, ba na hana kowa, amma ka san abin da kake yafewa tukuna. Ka ce, "Malam, bari bakanike ya gani, likita ya duba ni, sai mu yi magana." Dattawan wurin za su ce tsautsayi ne a yi haƙuri, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai ba su ne za su biya kuɗin hoton ƙashi ba.

In an amince a sasanta, kar a yanke kuɗi a bakin titi da ka. A tura babur wurin bakanike mafi kusa, ku biyu kuna tsaye ya lissafa kayan da za a canza da kuɗin aiki. Hanya mafi tsabta ita ce mai laifi ya sayi kayan da kansa ya biya bakanike, ba a damƙa kuɗi a hannu ba balle a ce an yi ƙari. In ba zai iya biya yau ba, a rubuta 'yar takarda: sunayenku, lambobin abin hawa, wuri da kwanan wata, nawa aka yanke, yaushe za a biya, ko kuɗin magani na ciki ko ba ya ciki. Ku sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya ɗauki hotonta. In ɗan ƙungiya ne, a yi a gaban shugaban tasharsu, magana ta fi zama.

Gargaɗi: in tura kuɗi aka yi, kar ka yarda da saƙon alat ko hoton rasit a wayarsa. Buɗe asusunka ka ga kuɗin sun shiga.

In kai ne ka buge mai tafiya a ƙasa, musamman yaro, kar ka gudu, kar kuma ka yarda da "ai ya tashi ya ruga gida". Nemi iyayensa ko wani babba a unguwar ku kai shi asibiti tare, ka riƙe duk rasit. Idan ka ga taro ya fara zafi ana neman taɓa lafiyarka, bar babur ɗin ka nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa ka ba da rahoto da bakinka.

7. In hukuma ta shigo

Haɗarin da aka ji rauni a cikinsa doka ta ce a kai rahoto, kuma rashin kaiwa laifi ne a jerin laifukan Hukumar Kiyaye Haɗurra. Ka kai kuma idan ɗayan ya gudu, ko ya ƙi sulhu, ko kana son inshora ta biya. Sashen kula da zirga-zirga na 'yan sanda, wanda ake ce wa MTD, shi ke auna wuri ya zana, wani lokaci a kira VIO, jami'an duba lafiyar abin hawa, su duba abin hawan. 'Yan KAROTA a Kano da 'yan KASTLEA a Kaduna sukan riga kowa zuwa su buɗe hanya, amma rahoton da kamfanin inshora da kotu ke nema na 'yan sanda ne.

Ka sani da an shiga ofis akan riƙe abin hawan duka biyu har a gama, kuma takardunka za a fara tambaya: lasisin tuƙi, takardun mallaka, lamba, inshora. Wanda ba shi da su ya raunana kansa ko shi ke da gaskiya, shi ya sa da yawa ke haƙura da haƙƙinsu a titi. Wajen ba da bayani faɗi abin da ka gani kawai. Kar ka sa hannu a kan abin da ba ka karanta ba ko ba a karanta maka ba. Rubuta sunan jami'in da ke riƙe da maganar.

8. Duba babur kafin ka sake hawa

Matsa birkin gaba, taka na baya, kana tura babur ka ga suna kamawa suna kuma saki. Hannun birki ko na kuloci da ya lanƙwashe kar ka miƙe shi da ƙarfi, ɓallewa yake yi. Murɗa totur ka saki: in bai koma da kansa ba, kar ka tayar. Tsaya a gaba ka duba ko taya da kan babur suna kallon wuri ɗaya. In karkacewar kaɗan ce, akan matse tayar tsakanin gwiwoyi a murɗa kan ya dawo, amma in shokozoba ta lanƙwashe ko tana zubar da mai, aikin bakanike ne. Juya tayoyi ka ga ko suna rawa, duba sarƙa, duba ƙasan inji ko baƙin mai na ɗiga.

Babur da ya kwanta yakan ƙi tashi domin mai ya cika kafireto. Bar shi a tsaye minti kaɗan, famfon mai a rufe, buɗe totur ka buga kik sau da yawa, in ya kama sai ka buɗe mai.

Gargaɗi: lafiyar babur ba ita ce lafiyarka ba. In kanka ya bugu, ko hannu na rawa, ko ba ka iya matse birki da ƙarfi, ajiye shi wurin mai faci ko wani shago, karɓi lambar mai wurin, ka hau adaidaita.

9. Kemis ko asibiti?

Gurjewa sama-sama, kemis mai tsabta ya isa a wanke a ɗaure. Sauran kuwa na asibiti ne: buguwar kai, yanka mai buɗe baki da ke son ɗinki (a ranar ake yi, ba a kwana da shi), ciwo a fuska ko a kan gaɓa, kumburi mai tashi da sauri, ciwon ƙirji ko ciki. A Kano akwai sashen haɗari na Asibitin Murtala da Asibitin Ƙashi na Dala, a Kaduna Barau Dikko, a Zariya asibitin koyarwa na Shika. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, don haka rashin takardar 'yan sanda ba hujjar a mayar da kai ba ce.

Ko ina ka je, tambayi allurar tetanus. Ciwon titi ƙazamin ciwo ne, in allurarka ta ƙarshe ta wuce shekara 5 ko ba ka tuna yaushe aka yi maka ba, a yi.

Maganar masu ɗori: mutanenmu ba za su daina zuwa ba, kuma kowa ya san wanda aka ɗora ya warke. Shawarata ɗaya ce, a yi hoto likita ya gani kafin kowa ya ja ƙashi. Karayar da ta shiga gaɓa ko ta fasa fata ba ta ɗori ba ce. In kuma an ɗaure, yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka canza launi ko suka mutu, a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti. Ɗauri mai tsanani ya jawo an yanke wa yara da yawa hannu.

10. Sanar da wurin aiki

Kira maigidanka ko shugaban sashenku tun kana wurin, ka tura hoto. Ga abin da ma'aikata da yawa ba su sani ba: Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa, ta ɗauki raunin da aka ji a hanya tsakanin gida da wurin aiki a matsayin wanda ake biyan diyyarsa. Ma'aikaci zai sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, su kuma su kai rahoto cikin kwana 7. Don haka sanarwar ta zama a rubuce, ko da saƙon waya ne, kuma ka adana katin asibiti da rasit. Tambayi ofishin ma'aikata ko wurin aikinku na cikin tsarin.

11. Gyara da inshora

Madubi, sigina, hannun birki da matakin ƙafa su ne masu araha, kuma su suka fi lalacewa. Fitilar gaba da robobin jiki na tsakiya. Masu cin kuɗi su ne shokozoba, tanki, gindin kan babur da murfin inji. Je shagon kayan gyara da kanka ka ji farashin mai kyau da na gama-gari, ka ce a ba ka tsohon da aka cire. A robobi kana iya yin tsimi, a birki da taya kar ka yi. Bayan gyara gwada shi a layin da ba cunkoso: in yana ja gefe ɗaya, ko kan yana rawa in ka taka birki, mayar da shi.

Inshorar dole, wadda ake kira ta mutum na uku, hukumar kula da inshora ta NAICOM ta sa ta Naira 3,000 a shekara ga babur tun Janairun 2023, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har Naira miliyan 1. Ba ta gyara naka, na wanda ka buga take gyarawa. Haka in mai mota ne ya buge ka, tasa ce za ta biya ka, shi ya sa hoton takardar inshorarsa ke da amfani. A sanar da kamfanin da wuri, kafin a taɓa gyara. Da yawan takardun da ake haɗawa a bakin ofishin lasisi na bogi ne, sai ranar bukata ake ganewa, don haka a duba lambar babur a NIID, rumbun bayanan inshora na intanet, tun yau.

12. Daren farko da kwana biyun da ke biye

Jiki magayi, gobe za ka ji wuraren da ba ka san sun bugu ba. Wannan ba abin tsoro ba ne. Sha farasitamol. In kai ya bugu ko kana zargin ciki, guji asfirin, ibuprofen da diclofenac domin suna ƙara zubar jini, tramol kuwa yana rufe alamun da ake son a gani. Kumburi a sa masa ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar a kan matashi. Ruwan zafi da murza da man zafi a bari sai bayan kwana biyu.

Wanda kansa ya bugu kar ya kwana shi kaɗai. Faɗa wa iyali abin da za su lura da shi: amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai nauyin da ba a iya tada mutum, ruɗewa ko maganar da ba kai, gani biyu-biyu, jijjiga, raunin hannu ko ƙafa, jini ko ruwa daga kunne ko hanci. Ko ɗaya aka gani, ko ƙarfe biyun dare ne, a tafi asibiti.

Canza bandeji kullum. Ja mai yaɗuwa, zugi, ruwan ƙurji, wari ko zazzaɓi na nufin ciwon ya harbu, a koma wurin ma'aikacin lafiya maimakon a sayi kafso a barbaɗa. Wuyan hannu da bai daina ciwo ba bayan mako guda a sake hoto, ko da na farko bai nuna komai ba, domin tsagewar ƙashin nan na gindin babban yatsa takan ɓuya a hoton farko.

Hular kwanon da ta daki ƙasa da kanka a ciki ta gama aikinta, ko bayanta bai fashe ba, domin soson cikin ya riga ya matse. Sa kuɗin sabuwa a cikin lissafin gyara, kuma in sulhu ake yi, a faɗe ta tun a gaban bakanike.